Masu duba kifi da ruwa da na kira ramina a Jega: sun san aiki, amma har yau ina jiran rizol ɗin dalma

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan bayani saboda 'yan uwa masu kiwon kifi da ke ta tambayata ko yaran nan masu zuwa duba ruwa da kifi sun cancanci kuɗin da suke karɓa, to ga abin da na gani da idona, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a ciki kuma har yanzu muna gaisawa. Daga Birnin Kebbi dai suke zuwa, su biyu ne, babban harkar kifi ya karanta a jami'a, ƙaramin shi ke ɗaukar kaya da rubutu.

Ina da ramuka uku a fadama kusa da Jega, biyu na tarwaɗa ɗaya na karfasa, ruwan kuma daga gulbi nake jawo shi da injin ban ruwa irin na masu shinkafa. Cikin watan Afrilu da zafin nan ya tsananta sai karfasa sunka fara taruwa saman ruwa da asuba baki buɗe suna haɗiyar iska, wasu suna goga jiki a gefen rami kamar mai ƙaiƙayi, kullum sai na kwashe matattu goma ko fi, tarwaɗar da ko dutse ka jefa sai sun yi rububi su ma sunka rage cin abinci. Ni nan take na ɗora wa gulbi laifi. Na ce ko wani marar tsoron Allah ya zuba gamalin a sama don kama kifi, ko kuma ruwan feshin gonakin shinkafa ne ya gangaro, don tun da anka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015 fadamar ga ba ta hutawa rani da damina, taki da maganin ciyawa ba a cewa komai. Kawuna wanda tun yana yaro yake su da gora da homa ya zo ya leƙa, ya shaƙi ruwan, ya ce min "kai yaro, gulbi lahiya lau shike, raminka na yal lalace". Ban ji daɗin maganar ba gaskiya, shi ya sa ma na nemi masu na'ura su raba mu. Ɗaukar kifi da rai har cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa bakin tafkin Kainji kuwa ba aikin mai rami uku ba ne.

Kuɗin zuwa dubu 30 sunka ce, ni zan zuba mai. Mun yi da su ƙarfe bakwai na safe, sai wajen sha ɗaya sunka iso, kuma wanga latti ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan aiki, shi kanshi babban ya amsa haka. Iskar oksijin da ke cikin ruwan rami da asuba take yin ƙasa sosai, saboda gansakuka da koren ruwan nan da rana suke samar da iska, dare ya yi kuma su koma suna shanye ta tare da kifin. Da ya tsoma na'urarsa da tsakar rana ta nuna wajen 7, lafiya lau kenan tunda daga 5 zuwa sama ake so. Da mai son cin kuɗi ne da sai ya rubuta haka ya kama gabansa. Amma ya ce "Alhaji wannan awon ba shi da amfani, laifinmu ne", washegari kuwa ya dawo shi kaɗai kan babur bayan sallar asuba bai karɓi ko sisi ba, ya sake awo ta nuna ƙasa da 2. Wannan kam na yaba masa. Amoniya ma, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta haura a ramin tarwaɗa, awon tsamin ruwa ne kawai ya zauna inda ake so tsakanin 6.5 da 8.5.

To inda aikin ya ƙayatar da ni shi ne da ya ce a samo mai kifin gulbi masu rai, daga daidai inda nake dasa tiyo, da kuma wasu daga ƙasa inda kwatar gari ke zuba. Na ce Malam ai ga ruwan gulbin nan ka ɗiba ka auna mana, mi ye na wahalar da tsoho. Sai ya ce ruwan gulbi tafiya yake, wanda ka ɗiba yanzu kafin la'asar ya yi nisa, in wani ya zuba guba shekaranjiya yau kwalbarka ba za ta nuna komai ba. Kifi kuwa wata da watanni yana zaune nan yana ci yana sha, kuma abubuwan da ke maƙale a jikinsa da cikin hanjinsa su ke ba da labarin yadda ruwan ya kasance duk tsawon lokacin. Kawu ya fita da yaransa, kafin azahar sun kawo ƙurungu da karfasa da tarwaɗa da balli guda biyu, duka dai sun kai ashirin da wani abu.

Ƙarƙashin rumfa munka shimfiɗa buhu, ya fito da madubin likita mai aiki da batir da 'yan almakasai da gilasai. Ya fara da nawa na rami. Ya kankaro yauƙin jikin karfasa, ya yanko ɗan jan naman nan na ƙarƙashin kunne da kifi ke numfashi da shi, ya ɗiga ruwa ya ce in sa ido. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wasu abubuwa ne zagaye kamar faifai da zoben haƙora a tsakiya suna ta juyawa, cike da gilashin, ba su ƙirguwa. Tirikodina ya ce sunanta. Ita ba ta buƙatar kowa don ta hayayyafa, rabewa biyu kawai take yi ta tsallaka daga wannan kifi zuwa wancan, kuma ƙananan ƙwayoyin da ke yawaita cikin ruɓaɓɓen ruwa su ne abincinta, don haka duk inda kashi da ragowar abinci sunka taru kuma kifi ya cunkushe to ta samu gida. Kaɗan daga cikinta ko a lafiyayyen kifi ana samu, yawan ne matsala, sai wurin numfashin ya kumbura ya cika da yauƙi, ga shi dama iskar ta yi ƙaranci. Da ya farke cikin nawa kuwa hanji tas, ko tsutsa ɗaya babu. Ni har na fara murna.

Na gulbi kuma akasin haka. Wurin numfashinsu ja jawur, da ƙyar ya samu Tirikodina ɗaya biyu, amma ciki kam ga tsutsotsi iri-iri, wata fara doguwa mai gaɓa-gaɓa a hanjin tarwaɗa, wata naɗe kamar zare a jikin kayan ciki, ƙurungu da tashi daban, sannan a karfasa biyu ya nuna min wasu rawayan ƙuraje kamar ƙwayar shinkafa a bayan kunne, ya fasa ɗaya sai ga abu yana motsi. Na ce shikenan ai ga shi nan, gulbi ya ƙazantu. Yaron, wato babban nasu, ya yi dariya ya ce "a'a Alhaji, wannan ne ma ya kwantar min da hankali".

Ga yadda ya warware min, kuma shi ne abin da na ƙaru da shi fiye da komai a dubu talatin ɗin nan. Rawayan ƙurjin nan uwarsa a maƙogwaron zalɓe take zama. In zalɓe ya tsoma baki a ruwa ƙwai su zuba, abin da ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga katantanwa ya fito ya huda jikin kifi ya kwanta yana jira, sai ranar da wani zalɓen ya haɗiye kifin sannan ya girma ya yi nashi ƙwan. Ita ma naɗaɗɗiyar nan ta jikin kayan ciki daga kashin tsuntsu take farawa, ta bi ta wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da ido bai cika gani ba, kifi ya ci su, tsuntsu ya ci kifi. Kenan in ka ga waɗannan a cikin kifi to sun shaida maka akwai katantanwa a gulbin, akwai ƙananan ƙwarin, akwai tsuntsayen, kowa na nan da ransa. Maganin ƙwari in ya yawaita a ruwa waɗannan ƙananan halittun yake fara kashewa tun kafin ka ga kifi ya taso, in sun mutu hanyar tsutsar ta yanke, sai ka riƙa farke kifin gulbi kana ganin ciki fes. Ya ce shi a farke mai kifin gulbi talatin a ce duka ba komai a hanjinsu amma kunne cike da ƙwari, wannan ya fi tayar mai da hankali a kan abin da munka gani. Nawa na rami da nake murna cikinsu tas, ai don abincin buhu suke ci ne, ba su haɗuwa da komai.

Kawu yana gefe yana gyaran homa bai ce uffan ba sai da anka zo nan, ya ce shi tun yana bin mahaifinsa su yake ganin tsutsotsin ga cikin kihi kuma ba su taɓa hana kowa ci ba, abin da bai saba gani ba shi ne kihi ya taso sama da asuba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Sai yaron ya ce "Baba ai kun riga mu sani, mu suna kawai muke sa wa abin". Tsoho ya ji daɗi har ya ba shi balli ɗaya kyauta bayan an gama, ni kuma ya harare ni.

Waɗanda anka kamo ƙasan kwata labarinsu daban. Tirikodina ta fi yawa a kunnensu, sannan a tarwaɗa biyu ya zaro wata jar tsutsa doguwa naɗe cikin wani ƙullutu a naman ciki, masu gyaran kifi duk sun san ta. Ita kuma ta wata 'yar tana mai zama cikin laka take biyowa, tanar da ta fi yawaita inda ƙazantar gari da taki sunka kwanta a ƙasan ruwa. Kun ga kenan ba kowace tsutsar ciki ce albishir ba, sai ka san wacce ce kuma ta ina ta biyo, a nan ne karatun yaron ya yi rana. Shawarar da ya ba ni kar in kuskura in matsar da tiyo ƙasa da inda yake ko da ruwa ya janye.

Laifin ramina kuwa ba sai an yi dogon bincike ba. Kashin kaji nake zubawa a na karfasa don ruwa ya yi kore kuma na wuce misali, tarwaɗa ina ƙara musu da hanjin kaji daga kasuwa don buhun abinci ya yi tsada, abin da ba su cinye ba yana nutsewa ya ruɓe, iri kuma na zuba fiye da ƙima saboda kwaɗayi, sannan tsadar mai ta sa na rage canjin ruwa. Ya ce in tsayar da kashin kaji, in rage abinci na kwana biyu uku, in zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan in sa sabo, in rage kifin, in riƙa tada inji wajen ƙarfe uku na dare ruwa na faɗowa daga sama yana fantsama, sannan ya auna min gishirin buhu daidai girman ramin. Na tambaye shi kafso ɗin da muke farkewa muna zubawa a abinci, ya ce kar in soma, ba ya taɓa Tirikodina, asarar kuɗi ce kuma yana zama a naman da mutane za su ci. Cikin kwana biyar mutuwar ta tsaya. Wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ba.

Sai dai ƙaramin nasu bayan oga ya juya baya ya jawo ni gefe yana tallata min wani ƙullin gari wai bitamin na musamman dubu 8, ba suna ba kwanan wata a jiki. Ban saya ba. Ban sani ba ko da sanin babban ko a'a amma abin ya rage musu daraja a idona, mutum ya gama ce maka kar ka zuba abin da ba ka sani ba sannan yaronsa ya miƙo maka abin da ba ka sani ba.

Yanzu ga babban ƙorafin. A hanjin balli babban nasu ya samu wata tsutsa da ta kafa kai a bangon hanjin, da ya sa a madubi sai ga kan nata duk ƙayoyi kamar ƙarangiya. Ya ce irin waɗannan ba su da baki ba su da hanji, ta fata suke tsotsar abinci, kuma binciken da anka yi a kogunan Jamus ya nuna suna tara dalma a jikinsu ninki ɗaruruwa har dubbai fiye da naman kifin da suke ciki, don haka ko dalmar da ke ruwa ba ta kai na'ura ta gani ba, a jikinsu ana iya kama ta. Da jin dalma sai gabana ya faɗi. Duk wanda ke yankin ga ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 sunka rasu, kuma gulbin ga namu ta Anka da Gummi ya biyo kafin ya iso Jega. Don adalci, shi da kanshi ya ce min waccan musiba daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta zo, ba daga cin kifi ba, kuma bai ga wani abu da ke nuna akwai matsala a nan ba, gwajin don a samu natsuwa ne kawai. Amma ni mai jawo ruwan nan ina kiwon abin da jama'a za su ci, matata kuma tana banda da kifin gulbin, dole in so sani, tunda ita dalma wuta ba ta kashe ta. Na ƙara dubu 20, ya zuba tsutsotsin da yankan nama a 'yan kwalabe ya ce za a kai wani lab, sati biyu. Yau sati na bakwai. Farko wai na'urar lab ɗin ta lalace, sannan wai ba wuta, yanzu in na kira sau uku ake ɗauka sau ɗaya, rasit ma ba su ba ni ba kuma wannan sakacina ne da ban nema ba. In kun san ba a hannunku aikin yake ba to kar ku yanke wa mutum rana.

Rahoton da sunka turo na sauran aikin ma shafi huɗu ne da Turanci zalla cike da sunayen Latin, sai da ɗana na sakandare ya zauna muna harhaɗawa. Mutumin da ya iya yi wa tsohon masunci bayani da Hausa tiryan-tiryan ƙarƙashin rumfa mi zai hana shi rubuta rabin shafi da Hausa? Kuma a baki ya yi taka-tsantsan, ya ce zuwa ɗaya da kifi ashirin ba su isa a yanke wa gulbi hukunci ba, sai an duba da rani an duba da damina an kwatanta wuri da wuri, don yawan tsutsa yana canzawa da lokaci da girman kifin da ma irin abin da yake ci. Amma a takarda sai na ga an rubuta ruwan gulbi na da kyau kai tsaye ba wani sharaɗi. Na fi yarda da bakinsa a kan takardarsa.

Masu tambaya ko ana cin kifi mai tsutsa, na tambaya nima saboda uwargida. Ana ci. A farke shi da wuri a zubar da kayan ciki, kar a jefa su cikin ruwa ko a bar wa tsuntsaye, inda ƙurji yake a yanke, sannan ya dahu har tsakiya, zafin digiri 63 ya isa ya kashe su, miyarmu da suyarmu kuwa sun wuce haka nesa. Inda ake samun matsala shi ne gashin gaggawa na bakin ruwa da bandar da waje ya yi baƙi ciki ɗanye, don rawayan ƙurjin nan in ya shiga da rai yana iya maƙale wa mutum a maƙogwaro. Tsargiya kuma ba ta cin kifi ake ɗauka ba, ta shiga ruwan da katantanwa ke ciki ne, ya ce in gaya wa yaran da ke dasa min tiyo su daina daɗewa tsaye cikin ruwa mai ciyawa.

Abin da ke ba ni mamaki jiha guda da ake bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, har hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ga Yauri ga dukkan fadamun nan, amma mai ramin kifi sai ya yi ta cigiya kafin ya samu mutum ɗaya mai madubi da zai zo ya leƙa mai kunnen karfasa. Shi ya sa duk da haushin da nake ji ba zan ce kar a kira su ba. Cikin biyar na ba su uku da rabi, da rizol ɗin dalma ya zo kan lokaci da huɗu da rabi ne. Wanda zai kira su ya kafe kan su iso kafin rana ta fito, ya tanadi kifi masu rai don in kifi ya mutu ƙwarin jikin suna barinsa cikin ɗan lokaci, ya karɓi rasit, kuɗin lab kuma ya ba da rabi sai takarda ta zo. In kifinka goma ne a cikin tanki kana amfani da ruwan burtsatse ba ka buƙatar duk wannan, canza ruwa ka rage abinci.

Mun yi da babban nasu zai dawo in ruwan damina ya fara janyewa a sake duba na gulbi a wuraren nan biyu a kwatanta da na rani. Na ce mai ya zo da takardar dalma a hannu ko ya zo da dubu ashirin ɗina. Kawu ya ce shi zai kamo kifin, amma wannan karon ballin sayarwa zai yi.